Wace Burauza Ce Ta Dace da Tsohuwar Kwamfuta da Data Mai Tsada?

Mai shagon buga takardu, Sabon Gari:
Assalamu alaikum wa rahmatullah, ƴan zaure. Da fatan kowa ya wuni lafiya, ya kuma haƙuri da zafin bazarar nan. Shekara shida ke nan ina riƙe da shagon buga takardu da ɗaukar kwafi a nan Maradi, kuma a watan nan Allah ya hore mini na sayo kwamfutoci huɗu na hannu daga Kano, da niyyar buɗe wa ɗalibai da masu cike takardun neman aiki wurin shiga intanet. Biyu suna ɗauke da Windows 10, sauran biyun kuma tsofaffi ne masu Windows 7, kuma babu wadda ƙwaƙwalwar aikinta ta wuce jiga 4. Intanet ɗin da zan raba musu daga ƴar na'urar wifi mai ɗaukar katin waya zai fito, ma'ana kowace mega da kuɗin aljihuna ake sayenta. Ina neman shawarar masana a kan abu biyu: wace burauza ya kamata in ɗora, kuma waɗanne ƙananan manhajojin ƙari ne suka cancanci in liƙa mata?

Mai gyaran kwamfuta, Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a cikin kasuwar. Kafin a shiga gardamar sunaye, yana da kyau a san cewa yawan sunayen da muke ji bai kai yawan bambancin da ke tsakaninsu ba. Chrome, wadda Google ya fitar a 2008, da Edge, da Opera, da Brave, duk a kan tushe ɗaya mai suna Chromium aka gina su, kuma inji ɗaya ne ke zana musu shafi. Opera ta bar nata injin ta koma wannan a 2013, Edge ta bi sahu a farkon 2020. Riguna ne daban-daban a jikin mutum guda. Waɗanda ke da injin kansu a yau su ne Firefox, wadda gidauniyar Mozilla ta fitar a 2004, da Safari ta kamfanin Apple, wadda ba ta shafe ka ba tunda babu kayan Apple a shagonka.

Shawarata ita ce Firefox, kuma dalilina ɗaya ne ba goma ba. Wanda ke sayen data da mega, babban abokin gabarsa shi ne tallace-tallacen da ke cikin shafi, musamman bidiyon da ke kunna kansa ba tare da an taɓa shi ba, da ɗimbin ƙananan shirye-shiryen da ke bin sawun mai karatu. Duk waɗannan sai an sauke su kafin su bayyana, kuma saukewar daga datarka ake cire ta. Manhajar da ta fi kowace iya tare su tun daga bakin ƙofa ita ce uBlock Origin, wadda Raymond Hill ya fara a 2014, kyauta ce kuma lambobinta a buɗe suke ga kowa ya duba. To, Google ya sauya ƙa'idar da manhajojin ƙari ke bi a Chrome zuwa wadda ake kira Manifest V3, ya fara kashe masu tsohuwar ƙa'ida a 2024, kuma cikakkiyar uBlock Origin tana cikin waɗanda abin ya shafa. Abin da ya rage a Chrome shi ne ƙanwarta, uBlock Origin Lite, wadda ke aiki amma da ɗaurarren hannu. A Firefox kuwa cikakkiyar tana nan daram.

Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo:
Yaya, ina girmama iliminka, amma ina ganin ka yi wa Chrome rowar adalci. Mutanen da za su shiga shagon Malam ba masana ba ne, kuma kusan kowane ɗayansu yana riƙe da wayar Android wadda Chrome ta zo a cikinta, saboda haka idonsa ya riga ya saba da ita. Na biyu, masu gina shafukan rajista da na neman gurbin karatu a ƙasashen waje galibi da Chrome suke gwada aikinsu, domin ita ce mafi yawan jama'ar duniya ke amfani da ita, kuma ba na so a ce ɗalibi ya cike takarda mai shafi biyar sannan maɓallin aikawa ya ƙi motsi. Na uku, fassarar shafi tana cikin jikinta, kuma Google Translate ya san Hausa tun 2013. Wanda ya yi boko da Faransanci ya ci karo da shafin Ingilishi, danna ɗaya ya ishe shi. Batun cin ƙwaƙwalwa da ake yawan zarginta da shi kuma, yanzu akwai saitin da ke kwantar da shafukan da aka buɗe aka bari.

Mai gyaran kwamfuta, Zariya:
Ƙanena, maganarka ta biyu gaskiya ce, kuma ban ce a hana Chrome zama a kwamfutar ba. A ajiye ta a gefe domin ranar da wani shafi ya yi taurin kai. Amma ka manta da kwamfutoci biyu masu Windows 7. Microsoft ya daina kula da wannan tsari tun Janairun 2020, kuma Chrome ta tsaya a kansa a fitowa ta 109, a farkon 2023. Duk wata ɓaraka da aka gano bayan nan ba a toshe ta a can ba. Mozilla ta fi haƙuri, domin ta yi ta tsawaita wa'adin Firefox 115 ESR, wato fitowar da ake daɗewa ana toshe mata ɓaraka, saboda masu tsofaffin kwamfutoci, sai dai wannan ma rancen lokaci ne. Game da fassara, Firefox tana da tata tun 2023, kuma a cikin kwamfutar take yin aikin ba tare da aika rubutun wani wuri ba. Tsakanin Ingilishi da Faransanci tana yin abin kirki. Ranar da na duba jerin harsunanta ban ga Hausa ba, don haka a wannan fagen na sallama maka.

Malamar makarantar sakandare, Ali Dan Sofo:
Ina yi wa kowa sallama. Ku biyun kuna magana kamar kwamfutar mutum ɗaya ce, alhali abin da Malam zai buɗe wuri ne da mutum ashirin za su iya zama a kujera ɗaya a yini guda. Abin da mutane ke kira alheri, wato burauza ta san ka ta kuma riƙe maka komai, shi ne babban haɗari a irin wannan wuri. A bara na shiga wani shago domin in aika sakamakon jarrabawar ajina, ina buɗe shafin wasiƙu sai ga akwatin wata baiwar Allah a buɗe, da hotunan takardar haihuwarta da katin shaidarta. Na rufe mata na fita, amma ba kowa ne zai rufe ba.

Saboda haka, Malam, kowace burauza ka zaɓa, abubuwa uku sun riga kowace manhajar ƙari muhimmanci. Ka kashe tambayar nan ta a adana kalmar sirri. Ka saita ta yadda za ta goge tarihi da kukis, wato ƴan bayanan da shafuka ke ajiyewa don su tuna da mutum, duk lokacin da aka rufe ta, wanda Firefox ke da shi a saitinta na sirri ba tare da an ƙara mata komai ba. Sannan ka riƙa share jakar abubuwan da aka sauke kowace yamma, domin goge tarihi ba ya taɓa takardun da mutane suka sauke, kuma a can ne katunan shaida da hotunan fasfo ke taruwa. Ina kuma roƙon a daina gaya wa yara cewa tagar sirri tana ɓoye mutum. Abin da take yi kawai shi ne ta hana wanda zai zauna bayanka ganin inda ka shiga. Kamfanin da ke ba da intanet da shafin da aka ziyarta duk suna ganinka sarai.

Alhaji, ɗan kasuwar babbar kasuwa:
Allah ya saka wa Malama da alheri, ta faɗi abin da ya fi damuna. Ni ba ma'abocin kwamfuta ba ne, harkata duk a waya take, kuma tun zamanin ƙananan wayoyi masu maɓalli Opera Mini nake amfani da ita. A hanyar Dan Issa zuwa Jibiya, inda layi ke zuwa yana ɗaukewa, ita kaɗai ke buɗe mini shafin labarai da farashin canji. Me ya sa babu wanda ya ambace ta? Idan har ragin data ake nema, ai ban ga wadda ta kama ƙafarta ba.

Mai gyaran kwamfuta, Zariya:
Ranka ya daɗe Alhaji, ba raini ne ya sa aka tsallake ta ba, sai don ita ta waya ce, Malam kuma kwamfuta ya tambaya. Amma tunda ka kawo ta, ya kamata ka san yadda take samun wannan sauƙin. Idan ka sa ta a matakin ragin data mafi tsanani, wayarka ba ta zuwa shafin da kanta. Kwamfutocin kamfanin Opera ne ke zuwa su ɗauko shafin, su matse hotunan, su zubar da abin da suka ga bai zama dole ba, sannan su miƙo maka ragowar. Kamar ɗan aike ne da ke buɗe wasiƙarka a hanya ya taƙaita maka ita. Ga labarai da sakamakon ƙwallo wannan ba laifi ba ne, amma ga shafin banki ko duk inda za ka rubuta kalmar sirri, gara ka shiga kai tsaye da wata burauzar ko da manhajar bankin kanta. Wannan dabarar ce kuma ke sa wasu shafukan zamani su fito a karkace a cikinta. Chrome ma ta taɓa samun irin wannan tsarin ragin data a Android, amma aka cire shi a 2022.

Ga masu waya baki ɗaya, akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: Chrome ta Android ba ta karɓar manhajojin ƙari ko ɗaya, Firefox ta Android kuwa tana karɓa, har da uBlock Origin ɗin da muke magana.

Ma'aikacin gidan rediyo:
Na daɗe ina karanta muhawarar nan ban sa baki ba, amma akwai gefen da ba a duba ba, kuma ya shafi tuwona. Kuna ta yabon toshe talla kamar talla annoba ce. Shafukan labarai na Hausa, waɗanda muke kukan sun yi kaɗan, da me kuke zaton suke biyan wanda ya rubuta labarin da wanda ya ɗauko hoton? Mai karatunmu ba ya biyan kuɗin rajista, kuma ba shi da katin da zai biya da shi ko da ya so. Idan kowane shago a Maradi ya toshe talla, mun taru mun yanke reshen da muke zaune a kai. Sannan ina so mai gyara ya gaya wa jama'a gaskiya game da Firefox ɗin da yake ɗaukaka: mafi yawan kuɗin shigar Mozilla daga Google yake fitowa, ladan sanya injin bincikensa a matsayin na farko. Wanda ya gudu daga Chrome zuwa Firefox bai fita daga inuwar Google ba, ya dai koma gefen da rassan suka fi sirara.

Mai gyaran kwamfuta, Zariya:
Abokina, batun kuɗin Mozilla haka yake, ban kuma ɓoye shi don wata manufa ba. Abin damuwa ne ga duk mai son a ce injin burauza bai zama guda ɗaya tilo a duniya ba. Amma ko daga ina albashinsu ke fitowa, a aikace sun bar mai amfani ya toshe abin da ya ga dama, kuma wannan shi ne abin da ya shafi aljihun Malam.

Game da talla, ina ganin akwai rashin daidaito a cinikin. Mai shafi yana samun ɗan abin da bai taka kara ya karya ba idan mutumin Nijar ya ga tallarsa, domin masu talla sun fi biyan kuɗi a kan mai kallo daga Turai ko Amurka, shi kuwa mai karatun namu ya biya cikakken kuɗin megar da bidiyon ya cinye. Ga kuma nau'in tallar da ake turo mana: caca, da maganin ƙarya, da maɓallan bogi masu cewa danna nan ka sauke, waɗanda su ne ke kawo mini rabin kwamfutocin da nake wankewa. Duk da haka akwai mafita a tsakani. A cikin uBlock Origin akwai babban maɓalli shuɗi, idan ka danna shi a kan wani shafi, ta daina toshe tallar wannan shafin kaɗai, kuma za ta tuna. Malam yana iya buɗe wa jaridun Hausa da ya yarda da su, ya bar sauran a rufe.

Ma'aikacin gidan rediyo:
Wannan ya fi babu, ko da yake na san mutum ɗaya cikin masu yawa ne zai tuna ya danna. Ban gamsu gaba ɗaya ba, amma na yarda cewa shafin da ya cika fuskarsa da bidiyo uku masu kunna kansu shi ya koya wa mutane toshewa.

Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo:
Idan toshe talla ne gaba da komai, me zai hana a ɗauki Brave? Tana toshewa da kanta ba sai an liƙa mata komai ba, injinta kuma irin na Chrome ne, don haka shafukan rajista ba za su yi gardama ba. Wanda ya kafa ta, Brendan Eich, shi ne ya ƙirƙiro JavaScript, harshen shirye-shiryen da ke aiki a cikin shafukan intanet, a 1995, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Mozilla.

Malamar makarantar sakandare, Ali Dan Sofo:
Ɗana, a wayarka ko kwamfutarka wannan zaɓi ne mai kyau. A shagon jama'a kuwa ina da ja, domin tana zuwa da jakar kuɗin kirifto da tsarin lada na kallon tallarta, kuma duk da cewa ana iya kashe su, ba na son yaron da ya zo duba sakamakon jarrabawa ya fara tambayar yadda ake samun kuɗi a burauza. Mun ga abin da guguwar haƙar kuɗi a waya ta yi wa hankalin ɗalibanmu.

Tsohon malamin Faransanci, Bagalam:
Ƴaƴana, ku ba tsoho wuri ya ce wani abu a kan rabi na biyu na tambayar, domin kun tsaya a kan manhaja ɗaya kamar ita kaɗai aka halitta. Ni akwai guda biyu da na ga amfaninsu da idona. Ta farko ita ce SingleFile, wadda ke adana shafi sukutum, da rubutunsa da hotunansa, a cikin fayil guda. A garin da wuta ke ɗaukewa kuma layi ke rawa, ɗalibi ya adana darasinsa sau ɗaya ya sa a kile, wato ƴar na'urar USB ta adana fayil, ya tafi da shi gida, ya fi ya dawo gobe ya sake biyan data a kan abin da ya riga ya gani. Ta biyu ita ce Grammalecte, mai duba nahawun Faransanci, wadda ke aikinta a cikin kwamfutar ba tare da ta aika rubutunka ko'ina ba. Masu rubuta takardar neman aiki za su gode maka, domin na ga takardu da yawa da kuskuren daidaita aikatau ya kashe tun a layin farko. Ga ɗaliban jami'a masu rubuta kundin kammala karatu kuma akwai Zotero, mai tattara sunayen littattafan da aka yi amfani da su, amma wannan a kwamfutar mutum ta kansa ta fi dacewa.

Wani abu kuma da ba na burauza ba ne amma ya rataya da ita: ka sa wa kwamfutocin tsarin allon rubutu mai haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Abin kunya ne a ce a tsakiyar Katsinar Maradi mutum ya rasa yadda zai bambanta ƙasa da kasa.

Mai gyaran kwamfuta, Zariya:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, duka biyun na amince da su. Sai dai ina so in ja wa Malam kunne kada jerin ya yi tsawo. Kowace manhajar ƙari tana cin nata rabon na ƙwaƙwalwa, kuma jiga 4 ba ta da rarar da za a yi sadaka da ita. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne izini. Yawancinsu suna neman damar karantawa da sauya abin da ke cikin duk shafin da aka buɗe, wato har da abin da mutum ke rubutawa. Manhaja kuma tana iya zama ta kirki yau, gobe mai ita ya sayar da ita ga wanda ba a sani ba, sabuntawa ta shigo da dare ba tare da kowa ya lura ba. Haka ya faru da The Great Suspender, wadda mutane masu ɗimbin yawa suka yarda da ita, har Google ya cire ta daga rumbunsa a 2021 bayan an same ta da mugun shiri. Saboda haka a ɗauko daga rumbun burauzar na asali kawai, a duba sunan wanda ya yi ta, domin akwai masu kwaikwayon sunan uBlock Origin da tambarinta, kuma a guji duk wata VPN ta kyauta da masu alkawarin sauke kowane bidiyo. Kada kuma a haɗa masu toshe talla biyu, karo suke yi da juna.

Akwai saiti guda da nake roƙon ka yi tun ranar farko: ka hana shafuka neman izinin turo sanarwa. Abokan ciniki suna danna amincewa ba tare da sun karanta ba, bayan mako guda sai ka ga kusurwar allo tana ta fitar da saƙon ƙarya cewa kwamfutar ta kamu da cuta. Mutane suna kawo mini irin wannan suna cewa bairos ne, alhali izini ne suka bayar da hannunsu.

Mai shagon buga takardu, Sabon Gari:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya da dare na zauna na bi shawarwarin ɗaya bayan ɗaya a kan kwamfutoci biyu masu Windows 10. Na ɗora Firefox da uBlock Origin da SingleFile da Grammalecte, na kashe adana kalmar sirri da neman izinin sanarwa, na kuma sa ta goge komai idan an rufe, kamar yadda Malama ta ce. Edge tana nan tun asali, don haka ban ga dalilin sauke Chrome ba tunda injinsu ɗaya, ita za ta zama ta ranar taurin kai. Na buɗe wa jaridun Hausa uku da nake karantawa tallarsu, domin kada abokinmu na rediyo ya ce an ci amanarsa. Saura tsofaffin biyun, waɗanda har yanzu ban taɓa ba. Shin in bar su a kan Windows 7 da Firefox ta masu tsofaffin kwamfutoci, ko akwai wata hanya?

Mai gyaran kwamfuta, Zariya:
Ni dai ba zan bar jama'a su rubuta kalmar sirrinsu a kan Windows 7 ba. Ka ware ɗaya ka cire ta daga intanet baki ɗaya, ta zama ta buga takardu da Word kawai, tunda na'urar buga takardunka ta riga ta saba da ita. Ɗayar kuma a gwada mata Linux Mint a madadin Windows, nau'in Xfce mara nauyi, wanda kyauta ne kuma da Firefox a cikinsa yake zuwa, yana kuma samun sabuntawa. Wanda zai shiga intanet kawai ba zai ga wani bambancin da zai dame shi ba. Ka kuma sa a ranka cewa Windows 10 ɗin ma wa'adinta na yau da kullum ya cika a ranar 14 ga Oktoban 2025, ko da yake burauzoji suna ci gaba da sabuntuwa a kanta, don haka abin da muka koya a kan wannan ɗayar zai yi amfani nan gaba. Ka kawo ta shagona a unguwar Zariya ranar Asabar bayan la'asar, ka haɗo da kile mai jiga 8 wanda babu komai a cikinsa, kuma ka fara kwashe duk takardun da ke kanta, domin aikin zai share faifan gaba ɗaya.